Janaretan Mai Ƙanƙara

Zuwa ga Tabarau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗaliban nan naki. Ya koyarwa? Inna tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kin yi ƙiba, ko har yanzu iska na neman ɗauke ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta, tunda ke kike yi min aikin gida.

Jikin Baba, kawunki, da sauƙi za a ce. Hannun dama bai dawo ba, bakin ma bai buɗe ba. Amma yana ji, yana ganewa. In ka yi abin da bai so, sai ya juya fuska bango. Muna kai shi asibiti wajen masu gashin ƙashi, matar da ke duba shi ta ce in aka dage ƙafar za ta taka.

To ga abin da ya sa na rubuto. Baffa ya zo daga ƙauye. Ya ce shago ba ya tafiya ba mai shi, a sayar da kayan aiki, a mai da Baba wurinsa. Kin san can ba asibiti, sai tabarma da jiƙe-jiƙe. Inna ta yi ta roƙo har muryarta ta dishe. A ƙarshe ya nuna aikin da ke gabana ya ce, "In yaron nan ya tashi wannan, na bar muku ɗan'uwana. In ya kasa, kada wanda ya ƙara yi min musu."

Aikin janaretan Mai Ƙanƙara ne, wanda tun ina ƙarami Baba ke yi masa gyara. Ya ƙone ciki da waje: koyil, wato naɗin waya, na jiki, da na amecha, wato ƙarfen nan mai juyawa a tsakiya. Koyarwar Baba guda ce, abin da ka tarar shi za ka mayar. Ka ƙirga naɗin, ka auna kaurin waya, ka lura da inda ta nufa. Haka na yi. Na ƙona tsohuwar wayar a wuta don ta saki, kamar yadda muke yi. Baba yana da gaggawa, da ta saki yake cirewa. Ni kuwa na bar amechar cikin garwashi sai da ta yi ja, ta fito tas ba ko ɗigon datti. Na naɗa, na shafa maganin da ke riƙe waya, na shanya. Injin ya tashi yana ruri kamar zai tsaga shago, amma ƙwan lantarkin da na jona ko ƙyaftawa bai yi ba.

Na ce ko na ɓata ƙirga. Na warware duka, na sake. Shiru. Mai walda na kusa da mu ya leƙo ya ce, "Kunkuru, ka iya yi wa gawa kwalliya."

Na tambayi Baba. Ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari, yawu ya zubo, ya juya bango. Ban sake tambayarsa ba.

Ke wannan abin kike koyarwa. Don Allah ki gaya min dalilin da ya sa waya a kan ƙarfe take ba da wuta. Hannuna ya san yi, kaina bai san dalili ba, kuma yau hannun ya tsaya. Kada ki aiko min da lissafi. Na taɓa leƙa littafinki, na ga baƙaƙe kamar tsutsotsi sun faɗa tawada. Ki yi min kamar kina yi wa ɗan aji ɗaya. Direban motar kaya da ya kawo miki wannan zai biyo ta wajenku a dawowa, ki ba shi.

Naki,
Kunkuru

Zuwa ga bawana Kunkuru,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ka ce wa Inna iska ta gwada ta kasa. Na karanta zancen Kawu a ɗakin malamai, sai da na fita bayan aji na share fuska. Allah ya tashi kafaɗunsa. Ka riƙe masa hannun hagun ka ce Tabarau na gaishe shi.

Gaskiya ɗaya tukuna: ban taɓa buɗe janareta ba. Abin da na sani a allo na san shi. Amma duk wutar duniya da duk mayen ƙarfe a kan doka huɗu suke tafiya, tsutsotsin da ka gani ma su suke faɗa. Ga su ba tawada.

Ta ɗaya. Lantarki yana da tushe. Ka goga robar biro a gashinka, ka kai ta kusa da guntun takarda, za ta ɗauke shi. Wani abu ya taru a robar, yana baza ikonsa ko'ina kewaye da shi, kamar yadda zafi ke fita daga garwashi, yana raguwa in ka ja baya. Abin iri biyu ne. Iri ɗaya suna korar juna, iri daban suna jan juna. Ikon daga wani yake tashi, a kan wani yake sauka.

Ta biyu. Mayen ƙarfe ba shi da tushe irin wannan. Kai biyu gare shi kullum. Ka fasa na tsohuwar sifika ka gani, kowane guntu zai fito da kansa biyu. Ko ka niƙa shi gari, ba za ka sami mai kai ɗaya ba. Ikonsa zobe ne, ya fita ta nan, ya zagayo, ya shiga ta can.

Ta uku, kuma ita ce abincinka. Idan ikon mayen ƙarfe da ke ratsa zoben waya ya canja, sai wayar ta sami turi, wuta ta gudana. Ka lura, canjin ne ke yi. Ka kawo mayen ƙarfe mai girman shagonku ka ajiye kusa da koyil, muddin yana zaune ba abin da zai faru. Ɗalibaina a nan suke faɗuwa kullum. Sai su jona batir a koyil guda, su ajiye wani koyil a gefensa, su zauna jiran wuta a na biyun. Ba za ta zo ba. Wutar batir a zaune take, ba ta canjawa, batir ba ya haifar da komai a nan.

Ta huɗu. Wuta in tana gudana a waya, tana yin zoben maye kewaye da wayar. In ka naɗa wayar a kan ƙarfe, zobban su haɗu, ƙarfen ya zama mayen ƙarfe. Ka gwada da ƙusa. Dokar tana da wutsiya: ikon lantarki in yana canjawa, ko ba waya, shi ma yana haifar da maye. Daga nan su biyun suke ta haifar juna suna gudu cikin sarari, shi ne haske, shi ne rediyo. Wutsiyar ka ajiye ta sai Kawu ya warke.

Ka karanta a hankali, abin da ka fi iyawa ke nan. In ka ga wani abu ka rubuto.

Uwar ɗakinka,
Tabarau

Tabarau,

Salama da gaisuwa. Muna lafiya. Baba ya ɗaga ƙafa da kansa a asibiti, kaɗan dai, kamar kaurin yatsa, amma matar ta tafa masa. Na isar da gaisuwarki, ya matse min hannu.

Takardarki ta yi laushi saboda karatu. Na gwada duka. Ƙusa ta ɗauki allurai. Na fasa mayen sifika, Inna ta kawo min abinci ta tarar ina ta fasa gutsattsarin, ta tsaya ta ce, "Innalillahi, shi ma ya fara." Na sa guntun cikin koyil na jona mita. In na tura, allurar mitar ta zabura. In na tsaya, ta kwanta. In na janye, ta zabura ta ɗaya gefen. Na yi ta yi har mai walda ya ce a kira min mai ruƙiya. Tun ina yaro nake naɗa waya, sai yau na ga abin da nake naɗawa.

Ga abin da na lura. Akwai guntun zarto da nake kankare waya da shi. Na je shagon mai walda, janaretansa a kashe, na sa guntun a jikin amecharsa, sai na ji ta ɗan riƙe shi. Ba sosai ba, kamar yadda jariri ke riƙe yatsa cikin barci. Na zaga shagunan layinmu, duk wanda ya bar ni na taɓa, haka. Na dawo na sa a tawa, guntun ya faɗi ƙasa.

Sai na zauna da dokokinki. Amecha ba ta zama maye sai an ba ta wuta, ta huɗu ke nan. Wutar da take ci kuwa daga injin kansa take fitowa, na bi wayoyin na gani. Injin kuma ba ya ba da wuta sai amecha ta zama maye tana juyawa, ta uku ke nan. Kamar mutum biyu a bakin ƙofa, wannan ya ce bismillah, wancan ya ce a'a kai dai fara. To a sauran injina wa ke fara shiga?

Raina ya ba ni in ɗauko batir in ba amechar wuta da kaina. Har na aro, na riƙe wayoyin biyu a hannu. Sai na ce bari in duba takardarki tukuna. Na ga kin rubuta batir ba ya haifar da komai. Na ajiye. Wayar da ke jikin injin nan ita ce ta ƙarshe a shago, in na ƙona ta da gwaje-gwajen jahilci shi ke nan.

Mai Ƙanƙara ya zo. Bai zauna ba. Ya ce masu kifi da masu lemo sun koma wajen wani, ga zafi ana yi, kwandunansa ruwa ne zalla a ciki. Ya ce, "Darajar mahaifinka nake dubawa, yaro, amma daraja ba ta daskarar da ruwa." Ban ga laifinsa ba.

Baffa ya aiko, wai ƙarshen mako zai zo da mota. Inna ta fara ninke kayan Baba tana warwarewa.

Tabarau, wa ke fara shiga? Ki ba direba amsa ko layi biyu ne. Ba zan taɓa komai ba sai na ji daga gare ki.

Kunkuru

Tabarau,

Gaisuwa. Ban san ko kina lafiya ba, tunda shiru.

Sun tafi da Baba. Da safe Baffa ya zo, ya shiga shago, ya ce in tayar. Na tayar. Ya dubi ƙwan, ya dube ni, ya fita. Mu muka ɗauki Baba a katifa, ni da mai walda. Bai da nauyi yanzu. Inna ta shiga baya ta ɗora kansa a cinya. Motar ta bi ta gaban shago, na ga ya ɗago yana kallon ƙofar har suka sha kwana. Ranar gashinsa ta zo ta wuce, na je na gaya wa matar asibiti, ta ce in aka daɗe ba a motsa ƙafar ba za ta sandare.

Mai Ƙanƙara ya aiko an kwashe janaretan. Yana can a yashe a filin gidansa, wai 'yan gwangwan zai sayar wa, su fasa su cire wayar. Wayar da na naɗa sau biyu. Wani mutum ya zo duba kayan aikinmu, yana ɗaga guduma yana taɓe baki.

Kullum ina zuwa tasha. Ba direba, ba takarda. Wannan ma wani fasinja na roƙa.

In tambayar tawa ta wauta ce ki faɗa, ba zan ji haushi ba. In kuma kin gaji da ɗan aji ɗaya, shi ma ki faɗa. Gidan ya yi min girma, ina jin motsin ɓera daga ɗakin Baba.

Kunkuru

Kunkuru,

Lafiyata ƙalau, gaisuwa sai wani lokaci. Takardunka biyu rana ɗaya suka iso. Motar direba ta karye a hanya, takardarka tana aljihun motar duk tsawon lokacin nan, sai da ya gyara ya tuna. Ga shi zaune a ƙofar makaranta, na ce ba inda zai je sai na gama.

Wace irin wauta? Na karanta ina tsaye ina buga tebur. Kai ka riga ka samo amsar da guntun zartonka.

Ƙarfe in ya taɓa zama maye, ko an kashe wuta, yana riƙe ɗan ragowa. Shi ne riƙon jaririn da ka ji. Shi ke fara shiga ƙofa. Amecha ta juya da ɗan ragowar nan, ya ba da 'yar wuta, 'yar wutar ta koma ta ƙara maye, mayen ya ƙara wuta, har injin ya cika. Kamar irin da manomi ke ragewa ne. Zafi mai tsanani kuwa yana goge shi. Ka ce ka bar amechar a garwashi har ta yi ja. Kawu da gaggawarsa yana cirewa kafin irin ya mutu. Kai da haƙurinka ka soya shi. Naɗinka ba shi da laifi, ina kyautata zato tun na farkon ma.

Maganar batir kuwa, kai bawan Allah, koyil biyu masu zaman daɓaro nake nufi! Taka amechar juyawa take, juyawar ita ce canjin. Ba wutar ƙwai kake nema wurin batir ba, maye kake nema, doka ta huɗu, irin na ƙusarka. Da ka taɓa wayoyin nan ranar, da Kawu yana ɗakinsa. Na yi maka gargaɗin ɗalibaina, ya tare maka hanya. Wannan zai daɗe yana cina.

Ga yadda nake gani. Injin a kashe. Ka cire wayoyin da ke kai wa amecha wuta, ka taɓa mata batir na ɗan lokaci kaɗan, kamar ka ce bismillah ka ɗauke. Ka mayar da wayoyin, ka tayar. In bai yi ba, wataƙila kan mayen ya juye ne, wutar injin tana rushe shi maimakon ta ƙara. Sai ka musanya wayoyin batir ka sake. Ka kiyaye hannunka in yana gudu.

Ban taɓa yi ba, ban yi maka alkawari ba. Amma dokokin ba su taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Na rubuta wa mahaifiyata ta je ta sami Kawu Babba, wato Baffanka, ita kaɗai yake jin kunya. Yau dai kada ka zama kunkuru. Ruga.

Tabarau

Zuwa ga Tabarau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar bawa ga uwar ɗakinsa, yau na yarda. Ki yafe min maganar da na yi a takardar baya.

Direba har gida ya kawo min, yana ta ba da haƙuri. Na karanta a tsaye, na ce masa haƙurin da zai ba ni shi ne batirin motarsa. Muka tafi gidan Mai Ƙanƙara. Mun tarar 'yan gwangwan sun zo da kurarsu, ɗaya har ya sa sifana. Mai Ƙanƙara ya ce, "Kai kuma? Ba ka gaji ba?" Na durƙusa na ce ya ba ni gwargwadon shan shayi. Ya ce, "Shayi mai sanyi ko mai zafi?" Direba ya ce, "Alhaji, mai ƙanƙara." Ya yi dariya ba da son ransa ba, ya ce in yi.

Na yi yadda kika ce. Na tayar. Ƙwai bai kama ba.

Ɗan gwangwan ya ce, "Malam, matsa mana, rana na yi." Ban matsa ba. Na kashe, na ciro guntun zarto na sa, sai amechar ta riƙe shi. Na ce to irin ya shiga, kan ne ya juye. Na musanya wayoyin, direba ya riƙe min ɗaya. Na sake tayarwa. Zaren cikin ƙwan ya yi ja-ja kamar bakin sigari, ya tsaya nan kamar yana shawara, sannan ya taso fari har na kau da ido. Mai Ƙanƙara ya jona injin daskarewarsa, muka ji ya ɗauka. Ya ce wa 'yan gwangwan su sha ruwa su tafi. Ni kuma ya ce akwai injin famfo biyu da suka lalace a ɗaki, in zo in kwasa in gyara.

Ban kwasa ba, tasha na nufa.

Na sami Baffa a ƙofar gida, Goggo, mahaifiyarki, ta riga ni zuwa, idonta ja. Na faɗa masa. Ya ce, "Na ji. Inji ne ya tashi, ba ɗan'uwana ba. Ranar da na sa ta wuce." Na ce ƙafar za ta sandare. Ya ce shi ma ba ƙin Baba yake ba, uwa ɗaya ta haife su, ba zai bar shi hannun yaro da mace ba. Ban iya musu da manya ba, kin sani. Na ce to bari in gaida Baba in koma.

Yana kwance a ɗakin baya, ya rame, ƙafar ta fara lanƙwashewa. Na zauna na gaya masa komai, garwashin, irin, batirin. Da na zo wajen barin amecha ta yi ja, ya rufe ido ya yi wani sauti, ban san ko dariya ba ce ko zagi. Na tashi zan fita, sai ya cafke min riga da hannun hagu.

Na ce, "Baba, mota za ta tafi." Bai saki ba. Inna ta yi magana, bai saki ba. Baffa ya shigo ya ce, "Sake shi mana." Ya sa hannu zai ɓamɓare yatsun, Baba ya dube shi. Bai juya bango ba wannan karon, ido cikin ido ya dube shi, rigata na yagewa a hankali. Aka kira sallah, Baffa ya fita ya yi, ya dawo ya tarar da mu yadda ya bar mu. Ya dubi hannun Baba a jikin rigata. Sannan ya ce da Inna, "Ina kayansa?"

Mun koma gashi. Matar asibiti ta yi faɗa, ta ce an koma baya, ba ta san ko duka zai dawo ba. Kullum da safe ina goya shi zuwa shago, in zaunar da shi a kujera bakin ƙofa, mai walda ya yi mata hannu na ƙarfe. Jiya aka kawo wani ƙaramin janareta. Na sa amechar a wuta, na juya ina neman filaya, na ɗan jima. Sai ji na yi takalmi ya sauka a ƙeyata.

Da hagu ya jefa, kuma bai kuskure ba.

Naki,
Kunkuru